Ranar da Motar Baba Ta Yi Shiru

Duk unguwarmu ta Tudun Wada sun tafi a kan cewa kukan da motar Baba ta yi wata biyu tana yi shi ne abin tsoro. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce ta taka wani abu a hanyar Tsafe da tsakar rana, wata tsohuwa ma ta rantse cewa mota tana ganin mutuwa kafin mai ita ya gani. Duk ba su gane ba. Ranar da ta yi shiru, ranar da mata suka shigo yi wa Inna barka, ita ce ranar da ya kamata a ji tsoro, kuma ni kaɗai na ji. Abin da ya jawo wannan duka ba aljani ba ne. Wasu 'yan fallayen ƙarfe ne guda huɗu, waɗanda Inna ta yi wata biyu tana kankare ƙanzo da su.

Bara ne da damina. Na gama sakandare ina zaune a gida ina jiran sakamako, ba ni da aiki sai wanke-wanke da sa baki a abin da ba a tambaye ni ba. Baba direba ne. Yana ɗaukar fasinja daga tashar Gusau zuwa Tsafe, wasu ranaku kuma ya juya ya yi Bungudu. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. Wansa ma, wanda muke kira Baffa, haka yake kirana idan yana cikin daɗin rai.

Baffa shi ya riƙe Baba tun rasuwar iyayensu, shi ya kai shi koyon tuƙi, shi ya yi masa aure. Ya yi shekara ashirin a gidan gurzar auduga, aikinsa ɗaya ne: ya zaga da butar mai yana sauraron injuna, duk inda ya ji ƙara ya ɗiga. Da ya bar aikin sai ya kafa rumfa a bayan tasha, yana gyaran keke da injin niƙa, da kaɗan-kaɗan har mota. Ba na raina shi. Yana da kunne, yana da hannu. Amma motar Baba ba irin waɗanda ya saba taɓawa ba ce. Birkinta na gaba wani faifan ƙarfe ne a bayan taya, da takalma biyu da suke matse shi ta kowane gefe idan an taka.

Da takalman suka cinye, Baba ya sayo sababbi a cikin kwali ya kai wa Baffa. Ina zai kai in ba can ba? Da yamma ya dawo da kwalin, domin Inna ba ta yarda a yar da kwali. A ciki akwai takarda a ninke da fallayen nan huɗu, kowane bai kai tafin hannuna ba, sirara kamar murfin gwangwanin madara amma sun fi shi tauri.

Inna ta ce, "Malam, waɗanga hwa? Ba a manta da su ba?"

"Yaya ya ce ba na komai ba ne. Turawa ke sa su cikin kaya don kada su karye a jirgi."

Ta gwada ɗaya a gindin tukunyar tuwo. Ƙanzo ya taso kamar ana ɓare ayaba. Ta ce ai Turawan nan sun yi abin kai, ta jera su a saman katangar madafa. Ni kuma na ɗauke kwalin na zuba tsofaffin littattafaina a ciki, a kan takardar. Ban buɗe ta ba. Wannan laifina ne, kuma ba na neman wanda zai raba shi da ni.

Kwana uku bayan nan kukan ya fara.

Ba ƙara ba ce irin ta tsohuwar ƙofa. Siririyar murya ce mai tsawo, tana farawa ƙasa-ƙasa da zarar Baba ya taka birki, ta yi ta hawa har sai motar ta tsaya cik, sannan ta yanke kamar an toshe wa mutum baki. Tun daga kwanar masallaci muke jin dawowarsa. Kaji su watse, jaririn maƙwabta ya farka ya ɗauka daga inda motar ta ajiye. Ranar farko mun yi dariya. Rana ta biyar ba wanda ya yi.

A tasha 'yan kamasho suka samu abin yi. Da ya shigo sai su ɗaga murya, "Ga mai makoki nan ta iso! Malam, wa ya mutu yau?" Idan layinsa ya zo kuma su riƙa kira, "Tsafe! Tsafe! Saura mutum biyu, kukan kyauta ne!" Baba mutum ne mai kunya, irin wanda yake gaida yaro kafin yaron ya gaida shi. Murmushi kawai yake yi. Amma wata rana wajen Ruwan Bore wata tsohuwa mai kaji ta daki kujerarsa ta baya ta ce, "Ɗana, sauke ni nan. Abin da motarga ta gani, ni ban son ganinai." Ta sauka a tsakiyar gonaki, ga hadari ya haɗo, ta gwammace ta taka. Mutum biyu suka bi ta. Daga ranar fasinja suka fara tsallake motarsa su shiga ta bayansa.

Ya koma wurin Baffa sau ɗaya. Baffa ya kwance, ya duba, ya hura, ya mayar, ya ce sabon takalmi ne, zai saba. Bai saba ba. Inna ta soya waina ta raba wa maƙwabta sadaka. Aka karɓo rubutu aka yayyafa wa tayoyin huɗu. Aka rataya laya a madubi. Motar ta ci gaba da kukanta.

Ban san yadda abin ya ci Baba ba sai ranar da na bi shi Bungudu, zan wuce Furfuri gaida dangin Inna. A gaba na zauna, kusa da shi, ba ni da abin kallo sai ƙafafunsa. Mun yi tafiya mai nisa kafin na lura cewa ƙafarsa ta dama ba ta zuwa kan birki. Idan ya hango rami sai ya sauke giya, injin ya yi gurnani, motar ta rage gudu da kanta. Idan zai sauke fasinja, tun daga nesa yake sakin mai, ya bar ta tana gangarawa, a ƙarshe ya ja birkin hannu a hankali. Ya koyi tuƙa mota ba tare da ya taka birki ba, don kada ta kunyata shi.

Kafin gadar Bungudu shanu suka fito daga cikin gero suka hau titi. Gero ya yi tsayi lokacin, ba a ganin abin da ke fitowa sai ya fito. Na ga ƙafar Baba ta tashi, ta tsaya a sama da birkin. Bai taka ba. Ya danna ham, ya fizgi giya, ya ja birkin hannu har ƙarshe. Motar ta karkace ta tsaya, fitilarta na taɓa cikin wata farar saniya. Na ga gashin jikinta ɗaya-ɗaya. Mai shanun ya tsaya da sanda a kafaɗa yana kallonmu. A baya mata suna ta salati.

Baba ya share gumi da hularsa, ya dube ni ya ce a hankali, "Kin gani, Uwata? Ba ta yi kuka ba."

Ban kwana a Furfuri ba kamar yadda aka shirya. Na gaida mutane a tsaitsaye na dawo a wata motar. Ina shiga gida na zazzage kwalin nan a tsakar ɗaki, domin tun a hanya nake tuna cewa abu ɗaya ne ya rage daga gyaran da ba a sa a motar ba.

Takardar da Turanci take, amma ko wanda bai shiga aji ba zai gane zanen. Ga faifai, ga takalmi, ga falle a manne a bayan takalmin, tsakaninsa da ƙarfen da yake tura shi. Kowane takalmi da nasa, biyu a tayar dama, biyu a ta hagu. An rubuta cewa aikinsu shi ne hana takalmin karkarwa, kuma karkarwar ce take zama ƙara. A jikin kowane falle akwai kibiya, dole bakinta ya dubi inda taya take juyawa idan mota na tafiya gaba. A ƙasa kuma, da manyan baƙaƙe, an ja layi: kada mai ko giris ya taɓa fuskar takalmin ko faifan. Idan ya taɓa, a wanke faifan, a yar da takalmin.

Na fita madafa. Inna tana tsugune da ɗaya a hannu tana fama da tukunya. Na karɓe, na goge shi da bakin zanina. Kibiyar tana nan. Ta fara shafewa, amma tana nan.

"Ke lafiya? Ba ni abina in gama."

"Inna, birkin Baba ne kike kankare tukunya da shi."

"Wane irin birki? Ke dai tun da kika gama makarantar nan ba a huta ba."

Da Baba ya dawo na bari ya yi sallah, amma ban bari ya gama cin tuwo ba. Na shimfiɗa takardar a kan tabarma, na jera fallayen a gefenta, na bi zanen da yatsa ina fassara masa. Ya saurara har ƙarshe. Ya ɗauki ɗaya ya juya shi, ya duba kibiyar. Na ga ya yarda, a fuskarsa na gani. Sai ya ajiye ya ce, "To yanzu mi kike so in yi?"

"Ka kai wa Baffa ya sa su. Ko awa ɗaya ba zai ɗauka ba."

"In je in ce wa Yaya abin da ya ce shara ne ba shara ba ne? In ce ɗiyata ta karanta a takarda?"

"To ka kai wa wani bakaniken."

Ya dube ni kamar na zagi wani. "A bayan tasha guda? Kafin a kwance taya ɗaya labari ya kai mishi. Mutumin da ya goya ni a bayansa daga Bungudu har garin nan?" Ya ture kwanon. "Ki bar maganar nan. Zan san yadda zan ɓullo mishi."

Na san Baba. Yadda zai ɓullo masa yana iya kai wa girbi. Washegari da hantsi na ɗaure fallayen a gefen gyale na tafi rumfar Baffa da kaina.

Da na iske shi shi kaɗai, wataƙila da labarin ya canja. Amma akwai direbobi huɗu ko biyar a kan benci, ana shan fura ana hira. Mai hankali zai gaida su ya koma gida ya jira. Ni ban iya jira ba, ban taɓa iyawa ba. Na durƙusa na gaida shi a gaggauce, na kwance gyale, na ce, "Baffa, waɗannan na cikin birkin ne. Rashin su ya sa motar take kuka. Ga shi nan a rubuce."

Hira ta tsaya. Wani direba ya ce, "A'a, Malam, ashe an kawo maka injiniya daga Kaduna."

Wani ya ce, "Ba ta sifana mana, ta kwanta ƙarƙashin motar!"

Baffa bai yi dariya ba. Bai kuma karɓi takardar ba, ya bar hannuna a miƙe. Ya ce, "Ke, tun ba a haifi uwarki ba nike sauraren ƙarfe. Injin da ya fi gidanku girma na yi wa magani. Ƙarfe in ya yi kuka, abu guda yake nema, kuma ba gwangwani ba ne."

"Baffa, wannan ba injin auduga ba ne."

Har yau ina jin yadda maganar ta faɗi a rumfar nan. Wani ya ja numfashi. Baffa ya ɗauki tsumma ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ki gaida gida. Ki ce wa ubanki ya kawo mini motar gobe. Za ta yi shiru."

Bai kira ni Uwata ba. A hanya ina tafe ina jin daɗi, wai na yi nasara. Na ɗauka zai aiko a karɓi fallayen a ɓoye. Na ajiye su a kusa, na yini ina sauraron sallama. Ba wanda ya zo.

Washegari bayan azahar ina wanki a tsakar gida sai kawai na ji an rufe ƙofar mota a waje. Ba kuka, ba komai. Kajin ma ba su motsa ba. Inna ta miƙe da sauri har ta zubar da tsakin da take tankaɗe. Kafin a jima gidan ya cika. Matar maƙwabcinmu ta rangaɗa guɗa. Wata ta ce rubutun ne ya yi aiki sai yanzu, wata ta ce a'a, sadakar ce. Baba yana tsaye a bakin zaure yana dariya, irin dariyar da na yi wata biyu ban gani ba. Ya ce, "Ku ji hwa, birkin ya yi laushi awa auduga."

Na fita waje da kumfa a hannuna.

A ƙofar gidanmu akwai wani dutse da Baba ya kafa tun ina ƙarama. Kullum a daidai shi yake tsayar da tayar gaba, ko da rana ko cikin ruwan sama, ko ɗan yatsa ba ya wucewa. Muna yara har gasa muke yi mu ga ranar da zai kuskure. Ranar nan tayar ta wuce dutsen da taku uku. Hancin motar ya shiga cikin danga, ya karya kara biyu.

Na tsugunna gefen tayar dama, na zura hannu ta bayanta har na taɓa faifan. Da ɗumi. Da santsi kuma. Na zaro hannun, yatsuna uku sun yi baƙi, suna ƙyalli. Na zaga ta hagu, haka. Baffa ya yi wa birkin abin da ya yi shekara ashirin yana yi wa duk ƙarfen da ya yi kuka. Kuma bai yi rowa ba.

Na jira matan suka ragu. Na iske Baba a zaure yana cire takalmi zai yi alwala, na miƙa masa hannuna kusa da fuskarsa.

"Mi ne ne wannan?"

"Giris ne. Daga faifan birkinka."

"Yaya ya ce zai bushe in an yi tafiya."

"Ba zai bushe ba, Baba. Ya shiga cikin takalmin. Yau daga tasha zuwa nan kawai ka yi, ba kowa a ciki, kuma ka wuce dutse."

Ya leƙa waje. Ya dubi dutsen, ya dubi dangar. Ya daɗe yana kallo. Direban da ya yi shekara goma sha biyar a kan hanya ba sai an gaya masa abin da taku uku suke nufi ba. Na ɗauka zai ce in ɗauko takardar. Sai ya ce, "Hannuna ne ya goce. Murna ce."

"Da ƙafa ake taka birki."

"Ya isa!" Bai taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar. Ya sassauta nan take, kuma sassautawar ta fi tsawar ba ni tsoro. "Uwata, jiya kin kunyata shi gaban mutane. Yau ya gyara, garin duk ya ji ta yi shiru. In koma in ce mishi gyaran nashi kisa ne? Zan bi a hankali. Gobe kawai. In na dawo daga Tsafe sai mu ga abin yi."

"Gobe wa za ka ɗauka?"

Ya juya ya ɗauki buta. Inna ce ta amsa daga tsakar gida, muryarta cike da farin ciki. Gobe sunan jikar maƙwabcinmu a Tsafe. Da sun ce mota biyu za su nema a tasha don ba mai shiga tamu, amma yanzu da ta warke, duk matan layinmu da Baba za su tafi. Har an ware wa Inna gidan gaba. Ta riga ta fito da zanin da za ta ɗaura, ta shanya shi a igiya ya sha iska.

Na san hanyar Tsafe. Na san gangaren da ake sauka bayan an wuce duwatsu, da manyan motocin gyaɗa da suke tsayawa a ƙasansa ba alama. Na san an yi ruwa shekaranjiya, kuma ga wani hadarin yana taruwa a gabas, baƙi ƙirin, ko iska babu. Mota cike da mata da goyo da kwanukan suna, a kan jiƙaƙƙen titi, da birki mai laushi kamar auduga.

Aka kira la'asar. Baba ya rataye makullin motar a ƙusar da ke bayan ƙofar zaure, inda yake rataye shi kullum, ya fita masallaci. Ta gefen motar ya bi, kuma na lura bai dube ta ba.

Na tsaya a zauren ni kaɗai, hannuna har yanzu da giris. Na yi tunanin in fita in tara matan in gaya musu. Za su ce 'yar bokon ce ta sake tashi, kuma Baba ne zai kwana da kunyar. Na yi tunanin in koma rumfa da takardar in karanta layin nan mai manyan baƙaƙe da ƙarfi kowa ya ji. Abin da raina yake so ke nan, kuma irinsa ne ya kawo mu inda muke. Gaskiyata ta jiya ba ta sa ko falle ɗaya a motar ba, giris ta sa.

Na sauke makullin daga ƙusa, na tura shi can ƙasan buhun gero a ɗakin Inna har ɗaya hannun nawa ya nutse zuwa gwiwa. Duk abin da za a yi mini a kansa, a yi. Sannan na ɗauko fallayen huɗu na goge su da busasshiyar toka, na bar takardar a cikin kwali. Na yanke shawarar ba rumfa zan je ba, gidansa zan je, kafin magariba, lokacin da yake zama shi kaɗai a ƙofar ɗakinsa. Zan durƙusa har ƙasa in ba shi haƙuri a kan maganar injin auduga, ko da za ta maƙale mini a wuya. Ba zan wanke hannun nan ba sai ya gani. Zan gaya masa wa da wa za su shiga motar gobe, in ajiye fallayen a gabansa, in ce shi kaɗai ƙanensa zai yarda ya kwance tayar. Idan ya kore ni, zan zauna a ƙofar gidan da sunan uwarsu da nake ɗauke da shi, kuma makullin ba zai fito daga cikin gero ba sai an sa sababbin takalma, kowane da fallensa a baya, kibiya tana duban gaba.